Majalisar mujiya da rigimata da Yaya Sabo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabo, uwa ɗaya uba ɗaya. Gida ɗaya muka zauna da shi a unguwar Faisal a nan Masar, ni da maigidana da yara, shi a ɗakin baranda. Ni a aji huɗu na tsaya a firamare. Shi kuwa karatu ne ya kawo shi Masar, da la'asar yana koya wa 'ya'yan ma'aikatan ofishin jakadanci Turanci.

Takarda ɗaya ce ta raba mu. Ɗiyata Binta, tana da shekara takwas, za ta yi jarrabawar shiga wata makarantar Turanci a Dokki, aka ba ta jerin sunayen taron dabbobi ta haddace. Yaya ya fassara mini. Wai Turawa taron mujiya majalisa suke ce masa, taron hankaki kisan kai, taron zakuna kuma alfahari. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ƙanwata, ke kin taɓa ganin mujiya uku a wuri ɗaya, balle su kafa majalisa?"

Ya ce ya bi diddigin abin. Da yawan sunayen, manyan Ingila masu farauta ne suka jera su shekaru aru-aru da suka wuce, don a gane ɗan babban gida daga bakinsa. Wasu kuma marubuta ne suka ƙirƙira don nishaɗi. Mu da muka tashi a bayan shanu, in ji shi, mun san garke, mun san ayarin raƙuma, don bakin masu aikin ne ya haife su. Sai ya ce wa Binta ta rubuta kalmar da Baturen kan titi zai faɗa, khalas, shi ke nan.

Na roƙe shi. Na ce Yaya, ba gaskiya ake tambayarta ba, abin da ke takardar ake so. Binta dai ta bi kawunta, kuma ba a ɗauke ta ba.

Na daina kai masa abinci ɗakinsa. Wanda ya san mu ya san abin da wannan ke nufi. Bayan kwana huɗu ya ɗaure littattafansa ya koma wajen ɗalibai a Abbasiya. A bakin ƙofa ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Maman Binta." Ban ɗago kai ba. Wata bai cika ba zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin motar haya ta fitar da ni daga cunkoso an riga an rufe masa fuska.

Da shekara ta zagayo na tsare Binta ta haddace jerin tsaf, ta shiga. Har yau ban san wanda ya yi daidai a cikinmu ba. Yanzu ƙanwarta ta zo da irin takardar, ta ma fi tsawo, an ciro ta daga intanet. Da Yaya na nan, na san sai ya tambayi wa ya ƙara, kuma da izinin wa.

Yaya bai bar gadon gida ba, bai bar ɗa ba. Amma makon jiya Binta ta dawo ta ce ta tambayi malamarsu a gaban aji wa ya taɓa jin makiyayi ya faɗi waɗannan sunaye, aka fitar da ita waje. Ga shi kuma jarrabawarsu ta kusa. Na buɗe baki zan ce ta riƙa kama bakinta. Sai na zuba mata abinci, na ce ta zauna ta gaya mini abin da malamar ta amsa.