Sunan Ɗan Fari a Addu'ar Alhamis

Ni dai Alhamis ta gajiyar da ni tun kafin tsufa ya zo. Har yau in ta zagayo sai in ji gwiwoyina sun yi nauyi, ko da babu inda zan je.

A shekarun da aka sauke tutar Turawa, mu 'yan Katolika na ƙauyenmu, can bayan Gazara, ba mu da yawa. Galibinmu Maguzawa ne da muka karɓi baftisma da girmanmu, sai 'yan kudu kaɗan da noma ko aikin hanya ya kawo. Cocinmu ɗakin jinka ne, kujerunsa dakalin ƙasa, ƙararrawarsa guntun ƙarfen dogo da aka rataye a jikin ɗorawa. Fadanmu Bature ne, daga Zariya yake zuwa a kan babur, sau ɗaya a wata biyu, in damina ta kankama kuwa sai ranar da hanya ta yarda. Wanda ya tashi mutuwa a tsakani, sai dai Malam, wato katikis ɗinmu mai koyar da mu addini, ya karanta masa abin da ya sawwaƙa.

Wata Lahadi bayan Misa, wato babbar sujadarmu, Fada ya zauna a kan dakali yana fifita da hularsa. Ya ce ƙasa ta koma hannun masu ita, saboda haka coci ma tana bukatar fada daga cikin 'ya'yan ƙasa. Shi ya tsufa, babur ya cinye masa baya. Yana neman waɗanda za su ba da kansu, ba albashi ba komai, su riƙa taruwa suna roƙon Allah ya kira wani yaro daga cikinmu zuwa aikin fada, su kuma bi gida-gida suna yi wa iyaye magana. Mu tara muka miƙe. Aka sa ni a gaba don na yi ajin yaƙi da jahilci, ina iya haɗa baƙi, kuma a faɗar mutane bakina ba ya mutuwa.

Ya bar mana addu'a a takarda, da irin Hausarsa ta littafi. Kowace Alhamis da la'asar sai mu buga ƙarfe, mu durƙusa, mu ja rosari, wato carbinmu, sannan mu bi samarin gari ɗaya-ɗaya muna kama suna: "Ya Ubangiji, ga wane, ka kira shi." Wannan shi ne mai sauƙin. Wahalar tana bin gidaje.

Kai, mun sha tafiya! Mu ratsa gonakin rake, mu tsallake rafi da zane a naɗe, mu isa gida a yi ta gaisuwa kamar ba za a gama ba, ina gajiya, ina aiki, ina ruwa, ya yara, ya masu jiki. Da mun faɗi abin da ya kawo mu sai fuskoki su canza. Wani maigida ya tambaye ni, "Kika ce ba aure? Har ya mutu?" Na ce har ya mutu. Ya ce, "To, ku sha ruwa ku huta, rana ta yi zafi." Ya shige cikin gida, muka yi ta jira a gindin mangwaro, ashe ta ƙofar baya ya sulale gona. Wani kuma ya ce in mun kwashe samarin, wa zai yi masa huɗa, Baturen?

Abin da ya fi duka muni ya same mu a wani gida kan hanyar Dandamisa. Matar gidan ba ta daɗe da baftisma ba, tana da yaro mai kaifin kai. Ni da matar Malam muka je. Ita matar Malam 'yar kudancin Zazzau ce, mai kirki, mai saurin baki, Hausarta kuwa a kasuwa ta tsince ta. Muka tarar da matar tana daka. Bayan gaisuwa sai matar Malam ta washe baki ta ce, "Albishirinki! Kullum Alhamis muna faɗin sunan ɗanki, muna roƙon Allah ya kira shi."

Matar ta tsaya da taɓarya a sama. A wajenmu in aka ce Allah ya kira wane, ai sai a nemo masu haƙa kabari. Ni da aka haifa cikin yaren nan ya kamata in farga, amma mun karanta kalmar a takarda har kunnena ya daina jinta. Ta ce, "Allah ya kira naku! Me ya yi muku? Ni na ɗauka mutanen arziki ne ku!" Ta biyo mu da taɓaryar har bakin rake. Bayan kwana kaɗan yaron ya kwanta zazzaɓi. Ya warke, amma magana ta riga ta zaga gari, har a bakin rijiya mata suna jan 'ya'yansu in na doso.

A taronmu na gaba na kawo shawara. Na ce daga yau kada a ƙara kama sunan ɗan kowa sai uwarsa ko ubansa ne ya zo ya faɗa da bakinsa. Kowa ya ce lallai na yi hankali. Ni kaɗai na san abin da na ɓoye a ƙarƙashin dokar nan.

Ina da ɗa. Huɗu na haifa, ƙasa ta karɓi uku, ta bar mini na fari. Ubansa ya rasu yana ƙarami. Kasancewarsa ɗan fari, ban taɓa kama sunansa ba, ban goya shi a gaban mutane ba, ban yi masa wasa ba. Uwar mijina ce ta raine shi har ta rasu, shi ya sa ma Yaya yake ce mini. In ina son sa, sai in ce "kai", in ina maganarsa in ce "yaron nan". Gonar dawa da fadamar rake da ubansa ya bari suna hannun ƙanen mijina, ana jira ya girma. Ni kuwa na gama tsara komai a raina: ya gama makaranta, ya karɓi gona, ya yi aure, a haifa mini jika. Jika babu kunya tsakaninku. Za ki goya shi, ki tsokane shi, ki kira sunansa da ƙarfi a tsakar gida. Duk abin da al'ada ta hana ni yi wa ɗana, na tara shi ina ajiye wa ɗansa.

To, da dokar nan ta zauna, in layi ya zo kaina ranar Alhamis sai in sunkuyar da kai. Matan su ce, "Ayya, kunya," a wuce. Uba babu, ni kuma baki a ɗaure. Ba wanda ya ga laifina sai matar Malam, ita da take ƙwala wa nata ɗan farin kira tun daga wannan unguwa har waccan.

Ta ce, "Wace irin kunya ce kuma a gaban Allah?"

Na ce, "Matar Malam, ke baƙuwa ce, ki bar mu da al'adarmu."

"To bari in faɗa a madadinki."

"Doka ta hana. Ko kin manta taɓarya?"

Kallon da ta yi mini bai yi mini daɗi ba.

Shekara huɗu muka yi a haka. Maza ne suka fara zamewa, wai aikin gona, rani ya zo kuma ba su dawo ba. Daga tara muka koma shida, daga shida muka koma uku. Sunayen ma suka yi ta raguwa. Wannan ya yi aure, wancan ya tafi Kaduna aikin masaƙa, wani ya shiga soja. Ko ɗaya bai tafi makarantar fada ba. Duk zuwan Fada, kafin ya kashe babur zai tambaye ni, "Akwai labari?" In ce, "Sai alheri, Fada, muna nan muna roƙo." Na gaji da buga ƙarfe babu mai fitowa, na gaji da durƙuso a kan daɓe, na gaji da murmushin da ake yi mini a ƙofar gida ana jiran in tafi. Har faɗa nake yi wa iyaye mata, ina ce musu sun fi son 'ya'yansu da Allah. Ni fa! Wallahi in na tuna bakin da na yi wa mutane, kunya ta gaske takan kama ni, ba irin waccan ta ranar Alhamis ba.

Ba wai ban ga alama ba. Yaron nan shi ke taya Fada a wurin Misa, ya haddace amsoshin Latin da ni ko ɗaya ban iya ba. In Fada ya tafi, sai ya yi kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Na gani sarai, na kau da kai.

Shekarar da yake gama aji bakwai, da kaka, ina sussukar dawa a bayan gida da hantsi, sai ya zo ya tsuguna nesa kaɗan kamar yadda ya saba.

Ya ce, "Yaya, sannu da aiki."

Na ce, "Yawwa."

"Fada zai zo Lahadi. Zai tafi da masu son rubuta jarrabawar makarantar fada."

"Allah ya kawo shi lafiya."

"Ya ce ba ya ɗaukar yaron da ba iyayensa ne suka ba da shi ba."

Na ci gaba da dukan dawa kamar ita ta yi mini laifi. Sai ya ce, "Shekara huɗu ina zama a bayan coci ranar Alhamis. Na ji sunan kowa. Har na wanda bai iya alamar gicciye ba."

Na ce, "Ai ka san al'ada."

"Na sani. Da farko na ɗauka kunya ce. Daga baya na ɗauka ko kin ga ban isa ba ne." Ya ɗago ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba. "Wanne ne, Yaya?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Yaron da nake ɓoyewa don ya fi ƙarfin in ba da shi, ashe shekara huɗu yana zaune a jikin bango yana zaton rena shi na yi. Amsar tana bakina, amma uwa ba ta faɗa wa ɗan fari irin wannan magana. Sai na daka masa tsawa, "Tashi ka ba ni wuri, ba ka ga ina aiki ba?" Ya tashi ya tafi. Na zauna a kan ƙaiƙayi, ban ƙara taɓa dawar ba ranar.

Alhamis ta zo. Mu uku ne: ni, da matar Malam, da wata tsohuwa mai ciwon ido wadda rabin rosari a gyangyaɗi take yinsa. Wannan karon bai zauna a bayan bango ba. A bakin ƙofa ya tsaya, inuwarsa ta faɗo har gabana. Matar Malam ta faɗi sunan ƙaramin ɗanta, tsohuwa ta faɗi na jikanta da take riƙo. Layi ya zo kaina. Tsohuwa har ta ce, "Ayya, kunya," ta kama addu'ar rufewa. Na ɗaga mata hannu.

Ban san suna yana da nauyi haka ba. Shekara goma sha biyar ina jin sa a bakin kowa, harshena bai taɓa gwada shi ba. Na buɗe baki, iska kawai ta fito. Na haɗiye yawu na sake. Na ce, "Ya Ubangiji, ga..." sai na faɗe shi, a karkace, kamar kalmar wani yare.

Daga bakin ƙofa na ji an ce, "Na'am."

Ba da niyya ya yi ba. Uwarsa ta kira shi, ya amsa, kamar kowane yaro. Shi ma sai da kalmar ta fita ya rufe bakinsa da hannu. Matar Malam ta fashe da kuka. Na ce, "Ke, rufe mana baki, mutuwa aka yi?" Amma sauran addu'ar, wato "ka kira shi", ita ta ƙarasa mini, ni na kasa.

Ranar Lahadi Fada ya tambaye ni a gaban jama'a ko da yardata. Na ce da yardata. Aka ɗaure akwatinsa na kwano a bayan babur, ya hau, ya riƙe rigar Fada. Ban raka shi bakin hanya ba, don ba a yi. Na koma na kama tankaɗen da ba na bukata.

Ya ci jarrabawa, ya zauna, bai dawo ba kamar yadda wasu suka dawo, har aka naɗa shi fada. Gonar da fadamar suka tafi hannun 'ya'yan ƙanen mijina, ba wanda ya yi musu gardama. Mutane suka koma ce mini uwar Fada, suna cewa addu'ata ce ta karɓu, har daga Makarfi da Ikara mata kan zo su ce in sa musu albarka. Nakan sa musu. Ban taɓa ce wa kowa na yi nadama ba, kuma ban yi ba. Amma wanda ya ce mini na yi murna, bai san ni ba. Na dai gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa.

Yanzu in ya zo gari nakan rusuna kamar kowa in ce, "Fada, sannu da zuwa." Shi kuma ya ce, "Yaya, mun same ku lafiya?" In akwai baftismar jarirai, yakan sa a kawo mini kujera a gaba, ya ce a ba ni kowane jariri in riƙe kafin ya zuba ruwa. Ina jin ya san abin da yake yi. Nakan karɓa, in gyara masa zane, in ji ɗuminsa a ƙirjina, in kira sunansa da ƙarfi yadda kowa zai ji. In an gama sai in miƙa wa masu shi.