Kuloli Goma Sha Ɗaya a Gaban Alƙali

Ko na tsufa har na manta inda na ajiye haƙorana, ba zan manta ranar da tsohon mijina ya jera kulolin mamana a gaban alƙali ba.

Shekararmu biyu da aure ya sake ni, saki ɗaya, da baki, a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Na kwashe kayana na koma gidanmu a unguwar Zahir. Ko hawaye ban yi ba, don da ma na gaji. Matsalar ita ce ya ƙi zuwa a rubuta sakin a hukumance. Yau ya ce shago ya cika, gobe ya ce sai bayan Hajji. A nan Makka kuwa, in ba takardar saki a hannunki, duk ofishin da kika shiga matar aure ce ke. Da na ga wata shida na neman wucewa, sai na ɗauki lauya.

Wata dattijuwa ce, kakanninta 'yan Sakkwato, Hausarta rabi Larabci. Komai nata a hankali, ko shayi sai ta hura shi sau uku. Ni kuwa a lokacin ko tukunya ba na iya jira ta tafasa. Ta zaunar da ni ta ce, "Ya binti, tun da ya sake ki, akwai abin da ya shiga tsakaninku? Waya, saƙo, aike, komai ƙanƙantarsa?"

Na ce, "Ustaza, ko inuwarsa ban taka ba. Yalla, ki rubuta mu wuce."

Ta dube ni ta saman tabarau ta sake tambaya. Na sake cewa babu.

Ƙarya nake yi. Wata biyu da sakin, a wajen bikin 'yar gwaggona, aka kawo min labarin yana gaya wa abokansa wai miyata ce ta kore shi, ba ɗanɗano, kamar ruwan wanke kwano. Ni! Ranar Juma'ar nan na kaɗa miyar kuka, na zuba mata barkono cike da hannu, na ƙara attaruhu, na ƙara yajin da Mama ke ɓoyewa a bayan garwar shinkafa. Na tuƙa tuwo, na haɗa a kula mai hawa biyu, na aika shagonsa na gyaran waya a unguwar Mansur. Na bi shi da saƙon murya: "Ga ɗanɗano nan, ka ci ka ƙoshi." Haka na dinga yi duk Juma'a, har sau goma sha ɗaya, sannan na daina. Kula ba ta dawowa, ni kuma in ɗauki wata. Mama tana ta zargin maƙwabta. Ban gaya wa lauya ba don kunya, kuma a ganina ina ruwan kotu da miyar kuka?

Ranar zaman kotu, ta bidiyo aka yi. Ina ofishin lauya, a gefenta, shi kuma yana shagonsa. Alƙali ya tambaye shi, ya gyara zama ya ce, "Na sake ta, gaskiya ne, amma na mayar da ita tun tana cikin idda. Matata ce."

Na zabura zan yi magana, Ustaza ta dafe min gwiwa. Alƙali ya ce ina hujja. Sai mutumin nan ya sunkuya ya fara ɗauko kuloli. Ɗaya bayan ɗaya ya jera su a kan teburin gyaran waya, har goma sha ɗaya, kowace da sunan gidanmu da Mama ta rubuta da jan farce. Ya ce, "Wace bazawara ce ke dafa wa wanda ba mijinta ba abinci duk Juma'a?"

Ustaza ta kashe makirfo, ta juyo a hankali. "Ya binti, inuwar tasa ce ke cin tuwo?"

Na ce, "Wallahi Ustaza ba abinci ba ne, horo ne!"

Ba ta yi dariya ba. Ta roƙi alƙali mako guda, ya ba mu. Sannan ta gaya min ƙiri-ƙiri: in aka yarda da maganarsa, ni matarsa ce har gobe, sai mu faro wata shari'ar daga tushe.

Ta ce in ba ta wayata. Sa'a uku muna zaune tana sauraron saƙonnina ɗaya bayan ɗaya, tana rubutu. Duk baƙar maganar da na yi, sai da na ji ta da kunnena. Akwai inda na kira shi mai kan caja. Na ce ta tsallake, ta ce, "Wanda kike son in tsallake shi nake nema." Can a kula ta tara sai ga amsarsa, wadda ni ko saurara ban yi ba don haushi. Yana magana yana tari: "Ke, tun da na sake ki ban ce ki dawo ba, kuma ba zan ce ba. Ki daina aiko min da wutar nan!" Ustaza ta duba ranar. Iddata ta daɗe da cika.

A zama na biyu aka kunna masa muryarsa, har da tarin. Alƙali ya ce to me ya sa ya yi da'awar kome? Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi tun da ta daina aikowa, duk abin da na ci sai in ji salam."

Na samu takardata. Mama ta samu kulolinta goma, ɗayar kuwa har yau ya ce bai gan ta ba. Da na je yi wa Ustaza godiya na kai mata tuwo, sai da ta sa na fara ɗanɗanawa a gabanta.

Abin da na koya shi ne, lauya ba suruka ba ce da za ki ji kunyarta. Abin da na ɓoye shi ya kusa mayar da ni gidan da na baro, kuma a cikinsa mafitata take kwance. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ta tambaye ki, ki faɗa mata duka, har da barkonon.