Shekarar da baka bai ci mai ba

Ya san bakan nan ba zai ɗauki ja ba, ko kuwa bai sani ba? Na tsufa ina juya tambayar nan a raina, kuma wanda zai ba ni amsa bai dawo ba. Duk ranar da aka ɗora man shanu a wuta a gidan nan, ƙanshin ya iso ɗakina, sai in ji kamar yanzu maigidana ya fita.

Ni ban yi lekol ba, ban iya rubutu ba. Autata ce zaune a gabana tana rubuta muku abin da nake faɗa, kuma na ce mata idan na yi kuka ta jira ni.

Ni ɗiyar maharbi ce, a wani ƙauye na ƙasar Maraɗi. A gidanmu ba da ganin wata muke sanin lokacin farauta ba. Idan an gama ɗaura hatsi, ciyawa ta fara bushewa, sai Baba ya sauko da bakansa daga rataya. Ya zauna gindin rumbu ya baza kyauro, yana ɗaga kowane kara saitin idonsa, mai karkata ya jefar, madaidaici ya ajiye. Maƙeri ya kawo kawunan kibau. Dafi kuwa bayan gari yake dafa shi, ba a yarda yaro ko mace su matso ba. Aikina shi ne riƙe bakin fata yayin da yake murza tsarkiya. Hannuna ya yi ja, ya yi zafi, amma ban taɓa saki ba.

Abu na ƙarshe shi ne mai. Kakata takan fito da ɗan kasko na man shanu tana mita, wai mu mutane ba mu samu ba sai itace. Baba ya yi dariya ya ce, "Inna, shi ma ciki gare shi. Bakan da bai ci ba, ranar da ka fi bukatarsa zai ba ka kunya." Ya shafa, ya ajiye a inuwa, itacen ya shanye, ya sake shafawa. Idan kuma aka kashe barewar farko, kitsenta baka ake fara shafa wa kafin kowa ya ɗanɗana.

Akwai saurayin da ke riƙe wa Baba kwari a daji. Shi na aura. Da Baba ya ji jikinsa ya yi rauni, shi ya miƙa wa bakan.

Bayan fari ya cinye gonakinmu, muka bi masu tafiya arewa neman aiki har Arlit. Maigida ya samu aikin lebura a wurin haƙar ma'adini, muka kafa ɗaki a unguwar bukkoki. Garin ya ba ni tsoro da farko. Babu rumbu, babu kuka, babu ko ciyawar da akuya za ta tsinka. Iska tana busar da komai, har akushina ya tsage shekarar farko. Amma maigida bai bar al'ada ba. Duk shekara, lokacin da ya san a gida an gama kaka, sai ya sauko da baka, in riƙe masa fata ya murza sabuwar tsarkiya, ya shafa man shanu fiye da yadda Baba yake shafawa, don ya ce ƙishin garin nan ya fi na gida. Sannan ya mayar da shi kan ƙusa. Bai je farauta ba ko sau ɗaya, aiki bai bar shi ba.

Maƙwabcinmu Ba'abzine ne, fari ya kashe masa raƙuma ya dawo gari yana gadi. Yakan leƙo ya ce, "Maharbi, bakanka ya fi matarka ƙiba. Ka ba shi mai, ita ka ba ta fura."

Maigida ya ce, "Kai dai nuna mini inda barewa take, ka daina sa ido a gidan mutane."

Sai abubuwa suka haɗu mana. Aka ce dutsen da ake haƙowa ya faɗi a kasuwar Turawa, aka sallami leburori da yawa, har da shi. Ruwa bai sauka a kudu ba, hatsi ya yi wuya. Ga tawaye ya tashi, kamyo, motar kaya, ba ya shigowa daga Agadas sai da rakiyar soji, wani lokaci a daɗe ba a ga ko ɗaya ba. Aka hana fita daji. Ana cewa an binne nakiya a hanyoyi, kuma duk wanda aka gani da makami a waje, kowane ɓangare zai ɗauke shi ɗan wancan ne.

A cikin haka auta ta kwanta. Zawo ya tafi ya bar ta fata da ƙashi, gashinta ya yi ja. Lokotoro a asibiti ya ce ba magani take bukata ba, abinci mai maiƙo take bukata. Kunun gero tsura muke da shi, shi ma idan na ba ta sai ta kau da kai.

Lokacin saukar da baka ya zo. Akwai ɗan man shanu a gindin kwalba, na bara, wanda ko ni ba na taɓawa. Ya sauko da baka, muka murza tsarkiya, na miƙa masa kwalbar kamar kullum. Ya riƙe ta ya daɗe, yana duban tabarmar da yarinya take kwance. Sai ya mayar mini.

"'Yar maharbi, sa mata a kunu. Kaɗan-kaɗan, ya kai mu kwanaki."

Na ce, "To bakan fa?"

Ya mayar da shi kan ƙusa haka nan, ba mai. Na sa mata a kunu, ta ji ƙanshi ta buɗe baki ta sha. Auta, ajiye alƙalamin ki share idonki. Ban taɓa faɗa miki ba, don ba ke kika roƙa ba, shi ya ba ki.

Man ya ƙare, yarinya ta fara zama amma ba ta iya tsayawa. Maƙwabci ya ce ya san wani kwari a gindin duwatsun gabas inda barewa ke saukowa cin ganyen ƙaya, sai dai shi ba zai iya rakiya ba, don ɗan Abzin a daji lokacin nan ba a tambayarsa kafin a harba. Ya zana wa maigida hanya a ƙasa da yatsa.

Da hantsi maigida ya tanƙwara baka zai ɗaura tsarkiya. Na ji wani ɗan ƙas, kamar an taka busasshen kara. Yara suna wasa a waje, na ce wa raina su ne. Na ga ya bi itacen da babban yatsansa, daga sama har ƙasa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. A gidan maharbi mace ba ta aibata makami ranar fita, haka na taso na gani, shi ma ya san ba zan yi magana ba.

Bai dawo ba. Da hanya ta ɗan lafa, maƙwabcin nan ya sa ransa a hannu ya bi sawu. Ya kawo mini bakan ya rabu gida biyu, karye a tsakiya, tsarkiyar da muka murza tana haɗe da su. Ya ce a gindin wata ƙaya ya same shi, da kibiya ɗaya a gefe, da sawun barewa. Na mutum kuwa iska ta shafe. Ko ƙishi ne, ko bindiga, ko rauni daga karyewar itacen, Allah kaɗai ya sani. Bawan Allah ya zauna a ƙofarmu yana kuka, ya ce da bai zana hanyar ba. Na ce masa yunwa ce ta zana.

Yau samarin unguwa Cibarakaten suke tafiya neman zinariya, ba wanda ya san kyauro. Aka ce masu motoci da bindigogi sun kore barewa har ta ƙare a kusa. Auta ta yi aure, 'ya'yanta suna cin tuwo da man shanu suna barin saura a kwano. Ni ba na iya ci. Karyayyen bakan yana ƙarƙashin gadona, kuma duk kaka nakan shafa masa mai, ko da yake na san ba ya bukata yanzu.

Ranar da maigida zai fita, ya rataya kwari, ya ɗauki bidon ruwa, ya tsuguna ya taɓa kan yarinya. Na raka shi bakin zana. Ya ga idona yana kan bakan, sai ya yi murmushi ya ɗan buga shi da tafin hannu.

"Kada ki damu da shi, 'yar maharbi. Bana azumi ya yi. Idan na dawo, ki fara ɗibar wa yarinya romo, shi ya jira kitsen."