Verlie Huckaby da Huckabyn Tudu

Masu sunan Huckaby iri biyu ne a garin nan: fararen fata a kan tudu, baƙaƙen fata a gangare wajen layin dogo. Ba sa gaisawa sai dole. Verlie 'yar gangare ce. Ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa abinci a makarantar firamare, ta yi aure sau biyu, amma ba ta taɓa ajiye sunan ubanta ta ɗauki na miji ba. Mijin farko ya yi ƙorafi har ya gaji ya tafi. Na biyu bai ma tayar da maganar ba.

Tana da dalili. Kakan ubanta, Lemuel, bawa ne a gonar audugar tsoho Huckaby, kuma kowa ya san ɗan cikinsa ne, sai dai ba a faɗa. Da aka 'yanta bayi, wasu suka zaɓi sabbin sunaye don su manta. Shi kuwa Lemuel ya ce sunansa Huckaby. 'Ya'yan gidan suka aiko masa da alfadari, wai ya karɓa ya sauya suna. Ya mayar musu da abinsu. Bayan girbi rumbunsa ya ƙone ƙurmus, kuma babu wanda ya ga komai. Haka ya mutu da sunan, aka binne shi a maƙabartar bayi da ke bayan gonar. Daga baya farare suka zagaye wurin da waya, suka datse ƙofar da kwaɗo.

Verlie ta haura saba'in lokacin da wata farar mata ta fito daga mota, baki har kunne, ta same ta a baranda tana ɓarar wake. Ta ce sunanta Charlene, jikar Huckabyn tudu ce amma a can jihar Ohio ta tashi. Ta aika da yawunta an yi gwajin gano dangi, sai aka ga jininsu ɗaya da jikan Verlie, wanda shi ma ya yi gwajin.

"Mis Verlie, ashe mu 'yan'uwa ne," in ji ta. "Na bi asalin sunanmu har wani ƙauye a Ingila."

"Naki ke nan," in ji Verlie. "Nawa daga bayan gonarku ya fito."

"Tarihin zuri'a nake haɗawa. Ina so ki ba ni labarin Lemuel."

"Sai da kika tofa yawu kika san da shi? Mu tun muna goye muka sani. Kakanninki ma sun sani sarai."

Fuskar Charlene ta yi ja. Ta ce abin da ya wuce ba ita ta aikata ba.

"Ban ce ke ce ba. Kwaɗon da ke ƙofar maƙabarta fa, shi ma ya wuce? Kawo mabuɗi tukuna."

Ba ta ce mata zauna ba, ko ruwa ba ta ba ta ba.

Charlene ta je wajen baffanta Dewitt, mai gonar. Ya ce shanunsa ke kiwo a wurin, kuma bai san wani Lemuel ba. Ta dawo ba mabuɗi, sai kek a faranti. Verlie ta bar shi a matakala, tururuwa suka yi biki.

Ranar Lahadi da aka tashi daga coci, Verlie ta ɗauki almakashin yanke waya, matan da suke waƙa tare suka bi ta, sanye da hulunansu na coci. Da rana tsaka ta datse wayar maƙabartar. Suna cikin cire ciyawa Dewitt ya iso a motarsa, yana huci.

"Verlie, kin san gonar wa kika shiga?"

"Ta Huckaby," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Je ka tambayi sunana."

Ya kira ɗan sanda. Ɗan sandan ya dubi tsofaffin mata durƙushe a kan kaburbura, ya ce wannan sai kotu. Dewitt bai je ba, don a can dole a faɗi ko wane ne Lemuel. Sai dai ya gyara wayar, ita kuma ta sake yankewa. Haka suka yi ta yi har ƙafafunta suka daina ɗaukarta.

Da Verlie ta rasu, Charlene ta zo jana'iza ta zauna a bencin ƙarshe. Babu wanda ya kore ta, babu kuma wanda ya kira ta cin abinci. Bayan mutuwar Dewitt 'ya'yansa suka sayar da gonar ga masu yankan katako. Yanzu 'yar Verlie ce take shari'a da masu katakon game da hanyar shiga maƙabartar.