Ranar da Monita Ta Zauna a Ƙaramar Kujera

Shekara ashirin da biyu Anti ta yi tana koyar da ajin 'yan shekara biyar. Duk ranar da aka kawo sabon yaro, sai ta zaunar da su a tabarma ta soma labari, ta tsaya a tsakiya ta ce, "To, ku me za ku yi?" Da haka baƙo ke samun abokin zama tun kafin a fita tara.

Ita ba ta samu hakan ba. Tana shekara bakwai aka sauya wa babanta wurin aiki, ta shiga sabon aji da in'inarta. Monitar ajin ta riƙa kwaikwayon maganarta, ran nan kuma ta jefa takalmanta a bayan gida. Ba takalmi ta koma gida, ta sha duka.

Wata Litinin sai ga Monita da kanta ta kawo jikanta, sun tare a unguwar. Ba ta gane Anti ba. Anti kuwa ko muryar ba ta manta ba.

"Hajiya, ki ɗan zauna ki ji labarinmu," in ji Anti, ta tura mata kujerar yara. Monita ta zauna, gwiwoyinta har ƙirji.

Anti ta ba da labarin baƙuwa mai in'ina, ba ta rage komai ba, har launin takalman. Sannan ta ce, "Me za mu yi wa baƙuwar?"

"Mu ba ta namu!"

"Ta zauna kusa da ni!"

Kullum a nan take tsayawa. Yau ta ƙara. "Ita kuma wadda ta jefa fa?"

Aji ya kaure. Wannan ya ce a kore ta, waccan ta ce kar a sake yi mata magana. Jikan Monita ya miƙe ya fi kowa ɗaga murya: "Muguwa ce! A zane ta!"

Anti ta bar su sai da suka gaji.

A bakin ƙofa Monita ta ce a hankali, "Ke ce?"

"Ni ce."

"Ai yarinta ce, baiwar Allah."

"Waɗannan ma yara ne," in ji Anti. "Ƙarfe ɗaya ake tashi."

Yaron kam Anti ta riƙe shi da kyau, kafin sati ya yi abokai uku. Kakarsa ce ba ta ƙara zuwa ba, sai babansa ke kawo shi.