Tay Teryo da Salon Abokin Hamayyarsa

Kowace safiya, kafin rana ta yi zafi, Eleuterio Gallenero, wanda duk ƙauyenmu a tsibirin Panay ke kira Tay Teryo, wato Baba Teryo, yakan kurɓi kofinsa, ya ɗauki sanda ya hau kunyar da ta raba gonakin shinkafa. Faɗinta bai fi tafin ƙafa ba. A kanta yake wasan sandar gidansu, wanda muke kira arnis, irin na manoma: gaba ko baya, babu kaucewa gefe, don wanda ya kauce sai taɓo. In ya gama, sai ya sauko ya tsuguna kamar mai zama cikin kwalekwale, ya shiga wani wasan dabam, gajeren sara daga ƙasa. Shi kaɗai. Ɓaunar noma ta maƙwabcinsa ce 'yar kallo.

Wasa na biyun ba nasa ba ne. Na marigayi Nong Pidoy ne, masunci, wanda suka tsufa suna jibgar juna a bikin gari. Pare, wato aboki, suke kiran juna. Dattawa har yanzu suna maimaita tsiyarsu.

"Pare, miƙe mana!" in ji Teryo. "Faɗa muke, ko bayan gida ya matse ka?"

"Tsaya nan ƙiƙam kamar turken shanya," in ji Pidoy, "yanzu zan sare ka daga tushe."

A wurinmu salo na gida ne, ba a koya wa bare. Amma 'ya'yan Pidoy duk sun tafi aikin jirgin ruwa. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya aika a kira Teryo. Matarsa, Nang Luding, tana wurin.

"Babu kowa sai kai, Pare," ya ce. "Kai kaɗai ka san sarana, tunda haƙarƙarinka ya sha shi."

Teryo ya karɓa. Mutumin da bai taɓa lanƙwasa gwiwa a fage ba, ya koyi tsugunno da furfura.

Tay Teryo, kai ne ka ɗauki salon abokin hamayyarka ka goya kamar maraya. Kai ne kake kai sara da safe, ka tare da kanka, don babu mai tare maka.

Mu kuma fa? A makarantunmu an tattara salon mutanen dutse da na teku da na birni an niƙe su wuri guda, an naɗe sanda da soso, yara suna kaɗa ta bisa siminti duk iri ɗaya. Shekara-shekara a kira tsohon nan, a rataya masa furanni, a ɗauki hoto, a watse. Wai gado muke karewa! Ko mutum guda bai taɓa tambayarsa me ya sa yake tsugunawa ba.

Bana gwiwoyinsa sun gaza. Ya ce da an girbe shinkafa zai jingine sanda, kuma ya buɗe ƙofa ga kowa, ɗan gida ko bare. Mutum ɗaya ya zo: Jovito, magidanci mai tuƙa babur mai ƙafa uku. Ya koyi salon kan kunya, ya roƙi na kwalekwale. Tsohon ya ƙi.

"Haba Tay, in kuka tafi da shi fa?"

"Noy, ɗana, na gwada riƙe biyun. Mutum ba ya iya ba kansa mamaki. Salon Pidoy sai da mai zaginsa yake rayuwa. Kawo mini wanda zai rinƙa dukanka, shi zan koya wa."

Jovito ya zagaya tasha da kasuwa. Dariya aka yi masa.

Mun gode, Tay. Kai ka sauke naka nauyin.

Ku kuma masu tafi a ranar biki, ba a ce ku zama gwanaye ba. Mutum ɗaya ake nema, mai gwiwa lafiyayye, wanda ba ya ƙyamar taɓo. Gidan tsohon yana bayan injin casa. Shinkafa ta fara ja.