Ranar da Muka Taka Tsakiyar Gulbi

Jiya ɗiyata ta buɗe tsohon gwangwanin allurata, ta ciro wani ɓawon ƙumba, 'yar halittar nan mai ɓawo biyu ta cikin lakar gulbi, ta ce, "Inna, mene ne wannan?" Kafin in buɗe baki, muryar kakana na ji.

Kowace Lahadi yakan kwashe mu daga unguwarmu Lazare zuwa bakin gulbi. Mu jikoki ne a gaba, shi yana biye da butarsa. In na tambaye shi sunan tsuntsu, sai ya ce, "Amaryata, ke me kika gani?" Sai na ƙare bayanina yake faɗa mini.

Shekarar babban fari, lokacin soja, muka iske gulbi ya ƙafe. Mutane na ƙetarewa Harobanda, unguwar da ke wancan gefen gulbi, da ƙafa, sojoji na kallonsu daga kan gada. Laka ta tsattsage, tana warin mataccen kifi. Na tono ƙumbar nan da ranta, bakinta a rufe gam, na ce ƙishirwa take ji. Kaka bai yi mini dariya ba. Ya durƙusa ya juye mata ruwan alwalarsa kaf, ya yi taimama ya sallaci la'asar.

Na ce, "Kaka, ruwan zai dawo?"

Ya daɗe yana duban inda jirage ke kwance a kan yashi, sannan ya ce, "Ke za ki gani."

Ƙumbar ta mutu a kwanonmu bayan kwana uku. Shi ma bai kai damina ba.

Na gani, Kaka, ya dawo. Allah ya shayar da kai daga ruwan da ba ya ƙafewa.